Yadda yanayin zama da tsayuwa ke shafar lafiyar ƙashin baya

Ciwon baya na cikin larurorin da suka fi hana mutane neman abinci a faɗin duniya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu a shekarar 2020, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da shekarar 2050. A kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, likitoci ba sa gano wata takamaimiyar cuta da ta haddasa shi. Wannan ne ya sa ake mayar da hankali kan yadda mutum ke zama, da tsayuwa, da ɗaukar kaya.

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa 33 ne: bakwai a wuya, 12 a gadon baya, biyar a ƙugu, sauran kuma sun haɗe a ƙasa. Tsakanin yawancinsu akwai faifai mai laushi da ke tare girgiza. Jerin yana da lanƙwasa ta halitta a wuya da gadon baya da ƙugu, wadda ke rarraba nauyin jiki. Idan mutum ya daɗe a sunkuye ko a karkace, nauyin sai ya taru a wuri guda, tsokoki su gaji, ciwo ya biyo baya.

Wayar hannu ta ƙara yawaita wannan matsala. Kan baligi yana da nauyin kimanin kilo biyar. A shekarar 2014, wani likitan tiyatar ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya lissafa cewa idan aka sunkuyar da kai sosai domin duba waya, nauyin da wuya ke ɗauka na iya kaiwa kilo 27. Ciwon wuya da na kafaɗa, har da wani nau'in ciwon kai, sukan samo asali daga nan.

Masu sana'o'i da dama na fuskantar irin wannan haɗari: tela a kan keken ɗinki, direban doguwar tafiya, ma'aikacin ofis a gaban kwamfuta, ɗan dako a kasuwa, da matar da ke shara da gajeriyar tsintsiya ko wanki a duƙe. Abin da ya haɗa su shi ne daɗewa a yanayi ɗaya. Ko da zaman ya yi daidai, idan aka shafe sa'o'i ba motsi, jiki zai koka.

Gyaran ba ya buƙatar kashe kuɗi. Mai aikin zama ya tabbatar tafin ƙafafunsa sun taɓa ƙasa, ƙugunsa ya jingina da kujera, allon kwamfuta kuma ya daidaita da idonsa. Ya riƙa miƙewa duk bayan rabin sa'a, ya ɗan taka. Mai duba waya ya ɗaga ta zuwa fuskarsa. Wajen ɗaga kaya mai nauyi, a durƙusa da gwiwa, a matso da kayan jikin ƙirji, kada a murɗa ƙugu. A gida, doguwar tsintsiya da ɗora bahon wanki a kan benci suna rage duƙawa. Hukumar ta kuma ba manya shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, kamar tafiya da sassarfa.

A ƙa'idojin da ta fitar a watan Disamba na 2023 kan ciwon ƙugu mai daɗewa, hukumar ta fifita motsa jiki da wayar da kan majinyata, ta kuma yi gargaɗi kan dogaro da ɗamarar ƙugu da magungunan kashe zafi masu sa maye.

Sai dai akwai alamomin da ba a jira da su. Idan ciwon baya ya zo da mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko zazzaɓi da rama, ko kuma ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin mota, a garzaya asibiti. Tarin fuka ma yana iya kama ƙashin baya, kuma jinkirin magani kan kai ga shanyewar ƙafafu. Asibitocin ƙashi na ƙasa da ke Dala a Kano, da Igbobi a Legas, da Inugu, na daga cikin wuraren da ake tura masu irin wannan larura.