Wanzamin da Ya Yi Jami'a

A wajenmu wanzanci gado ne. Yaro ya tashi yana riƙe wa ubansa zabira, yana kallon yadda ake kafa ƙaho a gadon baya, ran nan sai a miƙa masa aska. A ƙasar Sin kuwa, mai son zama likitan gargajiya shekara biyar zai yi a jami'a, kuma ko ya karɓi digirin sai ya ci jarrabawar gwamnati kafin a bar shi da majinyaci. Tun 1956 suka buɗe kwalejoji huɗu na wannan fanni, a Beijing da Shanghai da Guangzhou da Chengdu.

Farkon karatun almajirci ne tsagwaronsa. Littattafan da tsohon Sinanci aka rubuta su, wanda ɗan Beijing na yau ma sai malami ya warware masa, kamar mai ɗaukar karatun fiƙihu a zaure. Ga kuma hadda. Kundin Li Shizhen kaɗai, wanda aka buga a 1596, ya tara magunguna kusan 1,900: saiwa, sassaƙe, ganye, duwatsu, har da ƙwari.

Wajen haɗa magani ne abin ya fi burge ni, don kuwa miya ce. A kowane haɗi, in ji su, akwai sarki da waziri da mataimaki da jakada. Ɗauki miyar yakuwa. Yakuwar ce sarki, don ita aka ɗora tukunya. Daddawa waziri, tana ƙara wa sarki kwarjini. Kanwa mataimaki ce, aikinta ta karya tsamin sarki kada ya kashe wa mutane haƙora, kamar yadda ake saka wani ganye don ya rage dafin wani. Gishiri kuma jakada, shi ke sulhunta kowa da kowa. Duk matar da ta taɓa zarce kanwa ta san abin da ɗalibin nan ke tsoro. Kuma yawanci a tukunyar ƙasa ake dafa haɗin, a tace, a sha da ɗacinsa.

Sai jin bugun jijiya. Yatsu uku ake ɗorawa a wuyan hannu, a bambance bugu wajen iri ashirin da takwas, wani a ɗaure kamar tsirkiyar gurmi, wani mai santsi yana zillewa. Wannan kam ba ya shiga kai ta littafi. Dillalin shanu ne a kara, ya shafa kwiɓin sa ya faɗa maka kitsensa, ka tambaye shi yadda ya gane ya yi maka dariya.

Tsira allura ma da nata taswirar, wurare 361 a jiki, jere a kan wasu hanyoyi da suke kwatantawa da magudanan ruwa a lambu: inda ya toshe, nan shuka ke yaushi. Masu feɗe gawa dai ba su ga magudanan da ido ba, gardama na nan har gobe. Amma jarrabawar da ake yi a da ta cancanci a ji ta. A 1027 wani likitan fada, Wang Weiyi, ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla mai huje-huje. An ce akan toshe hujin da kakin zuma a cika cikinsa da ruwa, kamar tulu. Ɗalibi ya soka allura. In ya dace ruwa ya ɗigo, in ya kuskure ya ji tagulla. Babu maganar roƙon maki.

Tukunya biyu ce fa a murhu ɗaya, don ɗalibin yau yana karanta sassan jiki da gwajin jini da maganin asibiti, shekarar ƙarshe kuma a ɗakin majinyata yake yin ta. Ana cin moriyar haɗa biyun. Tu Youyou, wadda ta yi karatun haɗa magunguna na zamani sannan ta ƙaro na gargajiya, tana neman maganin zazzaɓin cizon sauro a wani ganye dangin tazargade, abin ya ƙi. Sai ta lura a littafin Ge Hong, na ƙarni na huɗu, cewa jiƙa ganyen ake yi a matse, ba a ɗora shi a wuta. Ashe zafi ke kashe shi, kamar zogalen da aka bari ya dahu ya wuce misali. Ta rage wuta, maganin ya fito, a 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Ƙwayar nan da mai kemis ke miƙo maka da damina, yana cewa safe da yamma har kwana uku, daga jiƙon nan ta samo asali.