Rurum: Yadda shekara ta ƙare wa wani malamin firamare

Hunturu ya sauka a Rurum Tsohon Gari da ke ƙaramar hukumar Rano, inda wani malamin firamare ke haɗa sakamakon jarrabawar ƙarshen zango.

Da daminar bana yayansa ya rasu. Ana sadakar uku ya koma aji, domin babu mai riƙe masa yaran. Marayu huɗu sun dawo hannunsa, albashi ba ya kai wata, sai masarar da ya noma ke rufa asiri.

Fatansa dokar ta-ɓaci kan ilimi da gwamnatin Kano ta ayyana a 2024 ta kawo ƙarin malamai ƙauyuka.

Babban marayun a ajinsa yake. Kullum wajen kiran suna sai ya ambaci sunan marigayin, kuma ya ce har yau bakinsa bai saba ba.