Masu Tsara Hawan Sarki

A rana ta uku ga Sallah, wadda Kanawa ke kira ranar Hawan Nassarawa, Sarki yakan fita daga birni ya nufi gidansa na Nassarawa, inda kabarin Sarki Ado Bayero da na waɗansu magabatansa suke, ya ƙarasa Gidan Gwamnati su gaisa da Gwamna, sa'an nan ya karkato ta Sabon Gari da Fagge kafin ya koma fada. Zaɓen wannan hanya yana da hikima babba, domin Fagge tun zamanin da zango ce ta ayarin Buzaye da fataken da ke ƙetaro Sahara, Sabon Gari kuwa an kafa ta ne bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, ta zama mazaunin Yarabawa da Ibo da sauran baƙi. Saboda haka idan laimar Sarki ta ɓullo a waɗannan unguwanni, ma'anarta ita ce mai gari ya tako da kansa ya gaida waɗanda suka zo neman arziki a ƙasarsa.

Jama'ar da ke cika bakin titi suna ɗaga hannu suna cewa "Ran Sarki ya daɗe" ba safai suke tambayar wane ne ya jera wannan runduna ba, alhali kuwa abu mai girma irin wannan ba ya tsara kansa. A waɗansu ƙasashe mai shirya irin wannan buki sunansa yakan zaga duniya, kamar yadda aka san Zhang Yimou da bukin buɗe wasannin Olamfik na birnin Beijin a 2008, da Danny Boyle da na Landan a 2012. A Kano kuwa aikin yana hannun sarautun cikin gida, waɗanda ake gadon iliminsu daga uba zuwa ɗa, daga ubangida zuwa bara. Shamaki, wanda tun asali barga da dawakin Sarki ke ƙarƙashinsa, da Ɗan Rimi, da Sallama, su ne manyan bayin Sarki da al'amuran fada ke bi ta hannunsu. A bayansu akwai Maja Sirdi mai kula da kayan hawa, da Kilishi mai shimfiɗar Sarki, da Sarkin Dogarai mai tsare hanya.

Wanda zai gaji ɗayan waɗannan muƙamai a barga yake fara karatunsa tun yana yaro, yana yankan ciyawa, yana wanke doki, har ya san yadda ake aza sirdi a ɗaure majayi daidai, kada ya yi sako-sako mahayi ya zame, kada kuma ya matse dabba ta kasa numfashi. Daga nan ya koyi shimfiɗa jalala, da gwada tsawon likkafa, da sanin dokin da ke jure ƙarar bindiga da wanda ke firgita da ita, domin ingarma ɗaya mai tsoro ya isa ya wargaza sahu a tsakiyar taro. Sai ya yi shekaru da yawa yana tafiya a ƙasa cikin zagage kafin ya haddace tartibin tafiyar duka: inda 'yan bindiga za su tsaya, inda 'yan lifidi da 'yan sulke za su shiga, da matsayin kowane hakimi da tawagarsa, wanda in aka gabatar da shi ko aka jinkirta shi ba bisa ƙa'ida ba, sai ya zama ƙarar da za a kai gaban Sarki.

Babbar jarrabawar wannan nizami ita ce jahi, musamman a yammacin Hawan Daushe, sa'ad da Sarki ya dawo daga gaida mahaifiyarsa ya tsaya a Ƙofar Kudu. Mahaya sukan zaburo a guje, sahu bayan sahu, ƙura na tashi, har sai mai kallo ya zaci za su banke abin da ke gabansu, sa'an nan su ja linzami wuri ɗaya, dawakai su turje, su ɗaga hannu su yi jinjina. Tazarar da ke tsakanin sahu da sahu, da lokacin da algaita za ta lafa kakaki ya amsa, duka da ishara ake gudanar da su, ba da takarda ba.

Kowane kaya a cikin wannan jeri kuma yana da tarihinsa. Littafin Tarihin Kano ya jingina shigowar lifidi da sulke ga zamanin Sarki Kananeji, ya kuma jingina kakaki da figini da dawakin zage ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Da Turawa suka zo suka ga ƙasaitar abin, sai suka ara suka yi wa bukukuwansu ado da shi: aka yi wa Yariman Ingila hawan daba a Kano a 1925, aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Bayan samun 'yanci aka sake tara sarakuna a Kaduna domin bukin FESTAC na 1977, har a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa Hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Wannan shaida ta duniya amana ce a wuyan Kanawa. Ilimin da ke cikin ƙirazan mutane kaɗai yakan tafi tare da masu shi, kuma shekarun da aka dakatar da hawa, kamar shekarar annobar korona ta 2020, sun rage wa yara damar koyo da ido. Ya wajaba malaman Jami'ar Bayero da ma'aikatan Gidan Makama su zauna gaban dattawan fada da ladabin ɗalibai, su rubuta tartibin kowane hawa da dalilinsa, tare da sunayen waɗanda suka riƙe waɗannan muƙamai, domin haƙƙin mai aiki ne a san shi da aikinsa.