Dubai: Idan Wasan Kwamfuta Ya Ƙi Tashi

Birnin Dubai na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya daɗe da zama zangon fatake daga Kano da Maraɗi masu sarin kayan lantarki. A 'yan shekarun nan kuma mahukuntansa sun juya ga wasannin kwamfuta. A watan Nuwamba na 2023 ne Yarima mai jiran gado, Sheikh Hamdan bin Mohammed, ya ƙaddamar da wani shiri da ke son samar da ayyuka 30,000 a wannan fanni kafin shekarar 2033.

To sai dai ga mai wasa, magana tana farawa ne daga maɓalli guda. Yawancin masu wasa a kwamfuta suna bi ne ta manhajar Steam, wadda kamfanin Valve na Amurka ya fitar a 2003. Ita ce kantin da ake sayen wasa, ita ce kuma rumbun da ake ajiye shi. Sau da yawa mutum zai biya dirhaminsa, ya sauke wasan, ya danna maɓallin, amma allo ya yi shiru.

Akan yi saurin ɗora laifi a kan layin intanet, alhali sau tari matsalar tana cikin na'urar. Matakin farko shi ne a umurci Steam ta binciki fayilolin wasan, domin ta gano wanda ya lalace ta sake sauke shi kaɗai. Na biyu, a sabunta manhajar katin hoto, ko na Nvidia ne ko na AMD. Idan saukewar ce ke jan ƙafa, sai a share tarkacen da manhajar ta tara, a kuma tabbatar an zaɓi yankin saukewa mafi kusa.

Yanayin ƙasar ma yana da nasa rabon. A lokacin bazara zafin Dubai kan haura digiri 40, ga ƙura da ke toshe fanka. Na'urar da ta yi zafi kan rage gudu ko ta mutu ana tsakiyar wasa, abin da mutumin Sakkwato ba ya bukatar a yi masa bayani.

Akwai kuma abin da gyara ba ya magani. Wasan Spec Ops: The Line na 2012, wanda labarinsa ya gudana a Dubai bayan guguwar rairayi ta binne birnin, hukumomin ƙasar sun haramta shi.

Inda ɗan kasuwa ya kamata ya buɗe ido shi ne wajen sayen kwamfutoci na hannu. Tun daga 1 ga Janairun 2024 Steam ta daina tallafa wa Windows 7 da 8 da 8.1, a Oktoban 2025 kuma Microsoft ya janye tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10. Wanda ya loda tsofaffin na'urori daga Deira zuwa kasuwar Farm Centre a Kano yana iya tarar da cewa arha ta zama tsada.

Mai sayen wasa dai yana da mafita guda. Ƙa'idar Steam ita ce tana mayar da kuɗi cikin kwana 14, muddin ba a buga wasan ya kai awa 2 ba. Mai sarin kwamfuta kuwa, gwajin da ya yi a shago kafin biya shi ne garkuwarsa.