Ɗaukar Hoto Daga Saman Bishiya: Kayan Da Ake Buƙata Kafin A Bar Ƙasa

A shekarar 2016, Tim Laman, Ba'amurke mai ɗaukar hotunan namun daji, ya lashe babbar gasar da gidan adana tarihin halittu na Landan ke shiryawa duk shekara. Hoton nasa na birin orangutan ne yana hawa wata doguwar bishiya a dajin Gunung Palung da ke tsibirin Borneo, ga daji shimfiɗe a ƙarƙashinsa. Kafin a samu wannan hoto, Laman ya yi kwana 3 yana hawa da sauka da igiya, ya ɗaura ƙananan kyamarorin GoPro a tsayin kusan mita 30, sannan ya riƙa sarrafa su daga nesa.

Yanzu ɗalibai da yawa sun kamu da son ɗaukar hoto, wasu har sukan ɗare mangwaro ko darbejiya da waya a hannu don su samu hoton da ya fi na kowa. Hawa da hannu ɗaya ganganci ne, faɗuwa daga mita 3 kacal ma na iya karya mutum. Su ƙwararrun da kaya suke hawa, kuma kowane kaya da dalilinsa.

Na farko ita ce igiya. Igiyar guga da ta ɗaure kaya a mota ba su shiga lissafi. Ko igiyar masu hawan dutse ma ba ta dace ba, domin an yi ta ne ta miƙe kamar roba don ta tare wanda ya faɗo. Mai hawan bishiya yana rataye ne a jikin igiyarsa tun daga ƙasa, don haka yana son wadda ba ta miƙewa sosai. In ba haka ba zai yi ta lilo sama da ƙasa, hoton ma ya fito dishi-dishi. Kaurinta yakan kai milimita 11 zuwa 13, kuma a Turai ana buga mata lambar inganci EN 1891. Idan ninka ta za a yi a kan reshe mai tsayin mita 15, dole tsawonta ya wuce mita 30, a kuma yi ƙulli a ƙarshenta.

Na biyu ita ce ɗamarar hawa, wadda ke kama ƙugu da cinyoyi. Ta masu hawan bishiya tana da faɗi da laushi, saboda mai hoto kan yi sa'o'i a zaune cikinta yana jiran tsuntsu ya sauka. Siririyar ɗamara tana matse cinya har ƙafa ta yi sanyi. A gwada ta a rataye kusa da ƙasa kafin a biya kuɗi.

Na uku su ne ƙugiyoyin ƙarfe masu kulle, wato karabina, da ke haɗa ɗamara da igiya. A duba jikinsu, za a ga lamba da haruffan kN. Kowane kN ɗaya daidai yake da nauyin kilo 100 ko kusa da haka, kuma waɗanda ake rataya rai a kansu sukan kai 22 ko fiye. Ƙananan da ake sayarwa don rataya makulli ado ne kawai.

Sai hular kwano mai maɗaurin haɓa, da gajeriyar igiya ta biyu da ake zagaya gangar bishiya da ita. Wannan ce ke ba mutum damar sakin hannuwansa biyu ya riƙe kyamara. Ita ma kyamarar a ɗaure ta da ɗamara, don kada ta faɗo kan na ƙasa. Ƙarafa masu tsini da ake ɗaurawa a ƙafa kuwa suna huda ɓawo su buɗe wa cuta hanya, shi ya sa ba a hawa bishiya mai rai da su sai in sare ta za a yi.

Ina gwanjo? A nan kam araha ba ta ado. Rana da ƙasa da sinadarai suna cin igiya ba tare da ido ya gani ba, kuma ba wanda ya san wahalar da ta sha a hannun mai ita na farko. Kamfanin Petzl na Faransa ya iyakance shekara 10 ga igiya da ɗamara, ko da a ajiye suke.

Bishiyar ma zaɓenta ake yi. A nemi reshe ɗanye mai kaurin da bai gaza santimita 15 ba, a rataya igiya kusa da ganga. A kauce wa wadda ke kusa da wayar wuta, da mai kogo ko gidan zuma, a kuma haƙura idan hadari ya haɗo.

Kaya ba sa maye gurbin malami. A Amurka, Peter Jenkins ya kafa ƙungiyar Tree Climbers International a Atlanta a 1983 don koyar da wannan hawa. Ba a hawa a kaɗaice, domin wanda ya suma a rataye yana buƙatar a sauko da shi cikin gaggawa. Ƙannena, kafin ku samu kaya da mai koyarwa da izinin iyaye, benen makaranta ko doguwar sanda da aka ɗaura wa waya za su ba ku hoton sama, ƙafafunku kuma suna kan wuri mai ƙwari.