Daidaita Ma'aunin Gudun Iska a Kwararon Gwaji

Kwararon gwajin iska dogon bututu ne da ƙatuwar fanka ke zuƙar iska ta cikinsa, a ajiye samfurin jirgin sama, mota ko gada a tsakiya don a ga yadda iska za ta yi da shi. Frank Wenham ya gina na farko a Ingila a 1871. Ingancin kowane gwaji ya rataya ne a kan sanin ainihin gudun iskar, alhali yawancin ma'aunai wani abu dabam suke aunawa, sai a fitar da gudun ta hanyar lissafi.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi daɗewa shi ne siririn bututun da Henri Pitot ya ƙirƙiro a 1732 don auna gudun ruwan kogin Seine a Faransa. Irin na yau yana da kafa ɗaya a baki mai fuskantar iska, da wasu ƙanana a gefe. Bambancin matsin da ke tsakaninsu ne ke nuna gudu, bisa ƙa'idar Bernoulli: idan gudu ya ninka biyu, bambancin matsin ya ninka huɗu.

Sai dai lissafin na bukatar nauyin iskar kanta. A gaɓar teku, a zafin digiri 15, iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare tana da nauyin kilo 1.225. Idan zafi ya kai digiri 40, nauyin kan ragu da kusan kashi 8 cikin 100, kuma wanda ya manta da haka zai yi kuskuren kashi 4 a gudu. Shi ya sa ake auna zafi, laima da matsin sararin samaniya a kowane gwaji.

Akwai kuma ma'auni mai zazzafar waya, wadda ta fi gashin kai siranta. Iska na sanyaya ta gwargwadon gudunta, dangantakar da L. V. King ya bayyana a 1914. Ƙura kaɗan na sauya halinta, don haka ake yawan sake saita ta.

Wajen daidaitawa, ana kafa ma'aunin kusa da wani amintacce, sau da yawa mai aiki da hasken leza, a riƙa ƙara gudun fanka mataki-mataki ana rubuta abin da kowanne ya nuna. Ana kuma cire tasirin girman na'urar, domin duk abin da ya tare hanya yana sa iska ƙara sauri ta gefensa. Ma'aunan filayen jirgin sama da na injinan samar da lantarki daga iska ma ta nan suke bi. A wajen na biyun, kuskuren kashi 1 a gudu kan zama kusan kashi 3 a hasashen wutar da za a samu.