Yadda Aka Sa Dabbobin Zamanin Dā Tafiya a Majigi

A cikin shekarar 1922, marubucin nan na Birtaniya, Arthur Conan Doyle, ya halarci taron mashahuran masu dabo na Amurka a birnin New York, ya haska musu wani guntun fim wanda a cikinsa waɗansu gabza-gabzan ƙadangaru, irin waɗanda ake kira dainoso, suke kiwo suna kokawa, sa'an nan ya ƙi bayyana musu inda ya samo shi. Kuma ko da yake mahalartan mutane ne waɗanda ruɗin ido shi ne sana'arsu, al'amarin ya ɗaure musu kai, har jaridar New York Times ta buga labarin. Haƙiƙanin abin kuwa aikin hannun wani mutumin Kalifoniya ne, Willis O'Brien, wanda yake gwaji domin fim ɗin The Lost World da ya fito a 1925.

Asalin wannan hikima yana cikin ɗabi'ar idon ɗan Adam. Fim jerin hotuna ne tsayayyu, waɗanda idan aka haska 24 daga cikinsu a daƙiƙa guda, sai ido ya haɗa su, ya riya cewa motsi yake gani. Saboda haka mai wannan sana'a yakan ajiye ɗan mutum-mutumin dabba gaban kyamara, ya ɗauki hoto ɗaya, ya gusar da ƙafa ko wutsiya gwargwadon ƙwayar gero, ya koma ya ɗauki wani, haka har ya tara hoto 1,440 kafin ya sami minti ɗaya tak; in kuwa ya manta inda wuya ya dosa, ko fitila ta mutu a tsakiyar aiki, to wahalar yini ta tafi a banza.

Su kansu dabbobin The Lost World wani saurayi ɗan asalin Meziko, Marcel Delgado, shi ne ya ƙera su, yana koyi da zane-zanen Charles R. Knight, wanda ya yi nazarin ƙasusuwan da masana suka tono. Yakan fara da ƙwarangwal na ƙarfe mai gaɓoɓi masu juyawa, waɗanda suke tsayawa cak a duk inda aka bar su, ya ɗora soso da auduga a matsayin tsoka, ya lulluɓe da fatar roba. A cikin waɗansu ma akan sa 'yar jakar iska, a riƙa hura ta kaɗan-kaɗan domin a ga dabbar tana numfashi. Da aka zo fim ɗin King Kong a 1933, inda ƙaton goggon biri yake gwabzawa da dainoso, tsayin mutum-mutumin birin da aka yi wannan faɗa da shi bai wuce inci 18 ba, kuma gashin zomo aka sa masa, wanda yatsun ma'aikata suke kwantar da shi duk lokacin da suka taɓa, shi ya sa mai kallo yake ganin gashin yana kaɗawa.

Wani yaro mai shekara 13, Ray Harryhausen, ya kalli wannan fim a Los Angeles, sha'awarsa ta kama shi, ya nemi O'Brien ya zama almajirinsa, har suka yi aiki tare a Mighty Joe Young na 1949. Daga baya ya ƙago tasa dabarar, wadda aka sa wa suna Dynamation: a ɗauki 'yan wasa tukuna, a haska hotonsu a bayan mutum-mutumin, a rufe sashen ƙasa da baƙin fenti a kan gilashi, bayan an gama a mai da fim baya a cike gurbin da aka rufe, sai dodo ya bayyana a tsakiyar mutane da gine-gine. A The Valley of Gwangi na 1969, labarin da malaminsa ya tsara amma bai cika burinsa ba har ya rasu a 1962, mahaya dawakin da ake gani suna ɗaure dainoso sun jefa igiyoyinsu ne a kan sanda da aka kafa bisa mota, Harryhausen kuwa ya zauna wata da watanni yana daidaita siraran wayoyi da waɗannan igiyoyi, hoto bayan hoto, mafi yawanci shi kaɗai.

Abin da ya ɗaukaka waɗannan mutane shi ne haƙuri da tadabburi a kan halittar Ubangiji, domin dabbar da babu mahalukin da ya taɓa ganin tafiyarta, ba za a iya ƙiyasta motsinta ba sai wanda ya daɗe yana lura da taƙamar giwa da zaburar tsuntsu. Shaidar haka ta bayyana a 1993, lokacin da kwamfuta ta karɓi aikin a Jurassic Park: sai da aka riƙe Phil Tippett, gwanin motsa mutum-mutumi da hannu, da abokan sana'arsa, aka ƙera musu ƙwarangwal mai aika wa kwamfuta kowane motsi da hannunsu ya yi.

Don haka, ya kai matashi mai sha'awar shirya fim, wayar da ke aljihunka ta isa ɗaukar waɗannan hotuna, yumɓu kuma yana nan ko'ina. Ka nemi waɗannan tsofaffin finafinai ka yi nazarinsu da natsuwa, sa'an nan ka zauna ka gwada da hannunka.